Malam Shitu da Sa Hannun Farfesa

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ba a san wayar hannu ba, zamanin da in kana son ganin mutum sai ka taka da ƙafarka ka je ƙofarsa. Ba zan kira sunan garin ba, ba kuma zan kira sunan jami'ar ba, don ba tonon asiri ne ya tara mu ba. Shi dai bawan Allahn nan sunansa Malam Shitu. Na baya ku matso, ku saurara.

Malam Shitu yana koyar da aikin gona ne a wata kwalejin horon malamai. Ɗan manomi ne. Ya tashi yana ganin mahaifinsa ya sha wahalar damina, ya tara wake, amma kafin bazara ƙwari sun mayar da rabinsa gari. Abin nan ya tsaya masa a rai tun yana ƙarami. Da Allah Ya ba shi dama, sai ya nemi shiga karatun digirin digirgir, wanda in an gama ake ce wa mutum Dakta. Ya ce shi a kan ajiyar wake zai yi bincikensa.

To, ga waɗanda ba su san yadda abin yake ba, wannan karatu ba a aji ake yin sa ba. Malami ɗaya ake haɗa ka da shi, shi ne mai duba aikinka. Kai ka yi bincike, ka rubuta babi babi, ka kai masa. Shi ya karanta, ya gyara, ya ce ka ci gaba. In bai sa hannu a kundinka ba, ko shekara ashirin ka yi, ba ka yi komai ba. Wuyanka yana hannunsa.

Aka haɗa Malam Shitu da wani babban malami, Farfesa Mamuda. Masani ne, ba ƙarya. Sunansa ya kai ko'ina saboda wani gari da ya haɗa na ganyaye da saiwoyi, wanda aka ce in an barbaɗa a wake sai ya shekara ƙwaro bai taɓa shi ba. Yau yana taro a wannan birni, gobe yana wancan. Ranar da Malam Shitu ya ji wanda aka ba shi, da murna ya koma gida. Ya ce wa matarsa Barira, "Na dace. Allah Ya haɗa ni da babba."

Jama'a, ilimi daban, riƙon amana daban.

Malam Shitu ya rubuta babi na ɗaya. Da tafireta ya buga shi, da yatsa biyu, in ya yi kuskure ɗaya sai ya sake shafin. Ya shiga mota, tafiyar rabin yini, ya kai. Farfesa bai ɗaga kai ba, ya ce, "Ajiye a nan. Ka dawo bayan mako biyu."

Bayan mako biyu ya dawo. Aka ce Farfesa ya yi tafiya. Ya sake dawowa. Aka ce yana ganawa da baƙi. Akwai wani benci a ƙofar ofishin, a nan Malam Shitu yake zama tun hantsi har la'asar, ya tashi ya yi salla ya dawo ya zauna. Wata rana Farfesa zai fito ya wuce ta gabansa, Malam Shitu ya miƙe ya gaida shi, shi kuwa ya ɗaga hannu kawai ya shige mota.

Wata tara ana haka. Ranar da ya samu shiga, Farfesa ya dube shi ya ce, "Kai ne wa ma?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, Shitu ne, mai aikin wake."

"Af, mai wake. Ina aikin naka?"

"Ranka ya daɗe, na kawo tun bara."

Aka duba, aka duba, babu. Farfesa ya ce, "Ka sake kawowa."

Ku ji fa. Ba haƙuri, ba sannu. Ka sake kawowa.

Ya koma ya sake bugawa. A shekara ta uku, bayan ya gama babi uku, Farfesa ya leƙa shafi biyu na farko ya ce, "Wannan ba shi nake so ba. Ka bar maganar toka da yashi da rufe durom. Ka gwada garina, ka nuna yadda yake aiki." Malam Shitu ya ce, "Ranka ya daɗe, ko in haɗa su duka in gwada, a ga bambanci?" Farfesa ya ce, "Yi yadda ka ga dama," ya ja jarida.

Kada ku ɗauka bawan Allahn nan dutse ne. Ya ji ciwo. Akwai ranar da ya sauka daga mota, bai iya shiga gida ba, ya zauna a kan dakalin ƙofar gidansa yana kallon ƙasa, har Barira ta leƙo ta gan shi. Ba ta tambaye shi komai ba. Ta kawo masa ruwa, ta tsaya daga zaure ta ce, "Malam, shigo ka ci abinci. Farfesa bai hana ka cin tuwo ba."

Abokan aikinsa a kwaleji suka fara kiran sa Dakta, amma da dariya a ciki. Mahaifiyarsa kuwa, tsohuwa, duk lokacin da ya je ƙauye gaida ta sai ta ce, "Ɗan nan, wace irin makaranta ce wannan da ba a gama ta? Ga furfura ta fara fito maka."

Ya ce, "Inna, saura kaɗan."

Ta ce, "Bara ma haka ka ce."

To me ya yi? Ku saurara, don a nan darasi na farko yake. Bai zauna yana jiran Farfesa ba. A kan bencin nan ya lura ba shi kaɗai ba ne. Akwai wasu ɗalibai huɗu, duk an jingine su kamar yadda aka jingine shi. Sai ya ce musu, "Tunda mun zo, kuma ba a gan mu ba, me zai hana mu ga juna?" Suka koma gindin wata bishiyar maina a bayan sashen. Wannan ya karanta babin wancan, wancan ya gyara na wannan. Malam Shitu ya iya lissafi, sai ya riƙa duba wa sauran alƙalumansu. Wani a cikinsu, Nafi'u, ya iya Turanci, sai ya riƙa gyara musu rubutu. Shi kuma Malam Shitu ya ɗaukar wa kansa alkawari: kullum bayan asuba sai ya rubuta ko da shafi ɗaya ne, ko an karanta ko ba a karanta ba.

Ya shekara uku yana gwaji. Kowace kaka ya zuba wake a buhuna, wannan da toka, wannan a durom a rufe, wannan da garin Farfesa, wannan ba komai. Duk wata ya buɗe, ya ɗebi mudu, ya zauna ya ƙirga ƙwayar da ta huje da wadda ba ta huje ba. Sau uku ya maimaita, sau uku abu ɗaya yake gani. Garin Farfesa yana aiki, amma na wata biyu ne. Daga nan ƙarfinsa ya tafi. Kafin wata shida, buhun da aka barbaɗa wa da wanda ba a barbaɗa wa ba duk ɗaya suke.

Ya rubuta abin da ya gani a babi na huɗu, ya kai. A lokacin yana shekara ta bakwai. Ita kuma jami'a ta aiko masa da takarda: saura masa shekara ɗaya, in bai gama ba a soke sunansa.

Wannan karon bai yi zaman benci ba. Farfesa ne da kansa ya aika a kira shi. Ya shiga ya tarar an buɗe shafin ƙarshe, inda ya taƙaita sakamakon.

Farfesa ya ce, "Mene ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, abin da na samu ke nan."

"Shekara nawa kake da ita a wannan fagen? Ni tun kana firamare nake aikin nan. Ka yi kuskure a ƙirga."

"Mai yiwuwa ne, ranka ya daɗe. Shi ya sa na maimaita har sau uku."

Farfesa ya cire tabarau, ya sassauta murya. Ya ce, "Shitu, kana da iyali. Ka wahala, na sani. Ka je ka gyara alƙaluman wata na huɗu da na shida, su yi daidai da abin da aka sani. Ka kawo min ranar Litinin, in sa hannu ranar Talata. Kafin azumi kai Dakta ne."

Jama'a, wannan ce rana ta farko a shekara bakwai da ya kira sunansa ba tare da an tuna masa ba.

Malam Shitu ya miƙe tsaye. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni lokaci in yi tunani."

Ya fito. Ya iske Nafi'u a gindin maina, ya gaya masa. Nafi'u ya ce, "Mutumina, kai ma dai! Lamba nawa ce? Shida? Takwas? Wa zai karanta kundin nan? A kan kantar littattafai za a ɗora shi, ƙura ta rufe shi. Ka karɓi takardarka, in ka zama Dakta ka faɗi gaskiyarka da babbar murya. Wanda ke cikin rami ba ya faɗa da mai riƙe da igiya."

Kun ji magana? Magana ce mai kama da hankali. Kuma Nafi'u ba mugu ba ne, tausayi ne ya sa shi. Da yawanmu a nan da mu ne, da mun ce haka ne.

Malam Shitu ya koma gida, ya kwana biyu abinci ba ya shiga. Rana ta uku da safe ya zaunar da Barira, ya gaya mata komai. Ya ce, "Ke kika sha wahalar nan tare da ni. Shekara bakwai kina riƙe da gida ina kan hanya. Ba zan yanke ba sai na ji ta bakinki."

Ta ce, "Malam, in ka canja lambobin, me zai faru?"

Ya ce, "Za a ce an sake gwadawa an tabbatar. Malaman gona za su ci gaba da gaya wa mutane su barbaɗa su rufe har shekara."

"In sun buɗe fa?"

"Gari za su tarar."

Ta ce, "To ai kai ma ka san amsar. Ni malamin makaranta na aura, ban auri Dakta ba. In ya zo da halal, muna so. In bai zo ba, ba mu rasa komai ba sai abin da dama ba mu da shi."

Ranar Litinin ya koma. Ya durƙusa ya gaida Farfesa, ya ce, "Ranka ya daɗe, kai malamina ne, ba ni da bakin yi maka musu. Duk gyaran da ka ce in yi na rubutu, zan yi. In ka ce in sake gwaji, zan sake. Amma abin da idona bai gani ba, hannuna ba zai rubuta ba. Ka yafe ni."

Farfesa ya tura masa kundin har ya faɗo ƙasa. Ya ce, "To ka nemi mai sa maka hannu."

Malam Shitu ya tsince takardunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Na gode, ranka ya daɗe," ya fita.

Yanzu ku saurara da kyau, don mutane suna kuskuren fahimtar haƙuri. Suna ɗauka haƙuri shi ne ka naɗe hannu a taka ka. A'a. Malam Shitu bai zagi kowa ba, bai bi ofis ofis yana ɓata sunan malaminsa ba, amma kuma bai koma gida ya kwanta ba. Ya rubuta takarda guda, cikin ladabi, ya kai wa shugaban sashen, wani mai suna Dakta Halilu. Bai ambaci shekarun benci ba. Abu ɗaya ya roƙa: a bar shi ya sake gwajin a cikin jami'a, a ɗakin da mabuɗinsa ba ya hannunsa, a buɗe a gaban malamai.

Dakta Halilu ya karanta, ya yi tagumi. Ya ce, "Malam Shitu, ka san ni ma shi ya koyar da ni? Ka sa ni a tsaka mai wuya."

Ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Ban ce ka ba ni gaskiya ba. Wake na ce a tambaya."

Dakta Halilu ya yi 'yar dariya, ba don yana so ba. Ya ce, "Shi ke nan. A tambayi wake."

Kaka ta yi, aka zuba sabon wake, aka ɗinke buhuna, Dakta Halilu ya kulle ɗakin ya sa mabuɗi a aljihu. Aka shiga jira na wata shida. A cikin watannin nan ne aka aiko wa Malam Shitu daga ƙauye cewa jikin Inna ya yi tsanani. Ya je ya yi jinyarta kwana goma sha ɗaya, Allah Ya karɓi abarsa. Ba ta ga ƙarshen makarantar ba. Bayan an share makoki, ya ce wa Barira, "Da na bi maganar Farfesa, da ta gani." Barira ta ce, "Da ta ga takarda. Amma ba abin da ta haifa za ta gani ba." Ya yi kuka, kukan da bai yi ba a shekara bakwai.

Rana ba ta ƙarya. Wata shida suka cika. Malaman sashe suka taru, ɗalibai suka cika taga. Farfesa Mamuda ya zo da babbar riga, don shi har zuciyarsa ya yarda da garinsa. Ya ce shi zai buɗe da kansa. Ya farke bakin buhun da aka barbaɗa wa garinsa, ya cusa hannu har gwiwar hannu, ya ɗebo.

Ƙwari suka biyo hannun rigarsa. Abin da ke tafinsa rabi wake, rabi gari.

Dattijon nan ya tsaya da hannu a buɗe, ya rasa inda zai sa idonsa. Aikin da aka san shi da shi shekara ashirin, ga shi yana zuba ta tsakanin yatsunsa a gaban ɗalibansa. Kowa ya juya yana kallon Malam Shitu. Nafi'u daga taga yana yi masa alama da ido: yau ranarka ce.

Dakta Halilu ya ce, "Malam Shitu, kana da abin cewa?"

Ya ce, "Ina da shi, ranka ya daɗe. Abin da aka gani yau rabin magana ne. A wata biyun farko, duk abin da na gwada babu wanda ya kai garin Farfesa, ko kusa. Mai son ajiye wake daga kaka zuwa lokacin da zai kai kasuwa, ba shi da abin da ya fi shi, ga shi ba guba, ga shi a kusa da gida ake samun ganyen. Abin da ya rage a sani shi ne ko in an sake barbaɗawa duk wata biyu zai kai shekara. Wannan kuwa Farfesa ya fi kowa sanin yadda za a gwada. Duk yana cikin babi na huɗu, daga farkonsa."

Daga farkonsa, jama'a. Shafukan da Farfesa bai taɓa buɗewa ba, don ƙarshen kawai ya leƙa ya yi fushi.

Farfesa ya kakkaɓe hannunsa, ya fita.

Bayan mako uku ya aika a kira Malam Shitu. Kundin yana gabansa, wannan karon kowane shafi da jan biro. Ya ce, "Na karanta. Akwai wurare goma sha biyu da za ka gyara. Jadawalin alƙalumanka na uku ba a tsara shi daidai ba." Ya juya shafin farko, ya sa hannu, ya miƙa masa yana kallon taga.

Kuna jira in ce ya nemi gafara? Bai nema ba. Har suka rabu bai nema ba. Ba kowane labari ne yake ƙarewa yadda rai yake so ba. Malam Shitu ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya je ya yi gyare-gyaren nan goma sha biyu. Ya ce duk sha biyun gaskiya ne, kuma sun ƙara wa aikin kyau. Saura wata ɗaya wa'adinsa ya cika ya tsaya gaban masu jarrabawa, ya kare aikinsa, ya ci.

Nafi'u ya tare shi a ranar, ya ce, "Mutumina, abu ɗaya ne ban gane ba. Mutumin nan ya ci maka shekara takwas. Allah Ya kawo maka shi har ƙasa, ka ɗaga shi. Don me ka rufa masa asiri?"

Malam Shitu ya ce, "Ban rufa masa komai ba. Abin da na gani na faɗa. Ya ce in yi ƙarya don in ɗaga shi, na ƙi. Da na ɓoye alherin garinsa don in huce haushi, ai ƙaryar ce dai na yi, sai dai ta kayar da shi. Ni kuwa ba don shi na ƙi ta farko ba, balle in yi ta biyu don shi."

To, 'yan'uwa, labari ya ƙare, saura mu.

Gaskiya ba ta da fuska biyu. Ba a yi mata ƙari don tsoron wani, ba a yi mata ragi don haushin wani. Da yawanmu muna iya ta farko. Ta biyun ce ke kayar da mu. In wanda ya cuce ka ya faɗo hannunka, a nan ake gane ko gaskiya kake bi ko ramuwa.

Kai da ke ƙarƙashin wani yanzu, ɗalibi ne kai, ko mai koyon sana'a, ko ƙaramin ma'aikaci, an jingine ka, an manta da sunanka: kada ka bar aikinka ya mutu don wani ya ƙi dubawa. Nemi 'yan'uwanka da ke cikin irin halinka, ku riƙa juna. Nemi haƙƙinka ta ƙofa, da ladabi, kada ka haura katanga. In aka ce ga hanya gajera amma sai ka sayar da amanarka, ka tuna akwai mutanen da ba ka sani ba da za su ci abin da ka shuka.

Kai kuma da wani ke ƙarƙashinka, da kai nake. Malami, maigidan shago, shugaban ofis, duk wanda sai da izininsa wani zai ci gaba. Ranakun da kake cewa "dawo gobe", ba naka ba ne, daga rayuwar wani kake yanka. Yana da mata, yana da 'ya'ya, yana da tsohuwa a ƙauye da ba ta da tabbacin kaiwa baɗi. Za a tambaye ka a kansu, rana ɗaya bayan ɗaya. In ba za ka iya ba, ka ce ba za ka iya ba, ka sake shi ya nemi wani. In kuwa ka san akwai wanda ka riƙe, kada ka bari rana ta faɗi gobe ba ka neme shi ba.

Allah Ya ba mu haƙurin da ba na ragwanci ba, Ya ba mu gaskiyar da ba ta ramuwa ba. Allah Ya sa kada wani ya tsufa a ƙofarmu yana jira. Amin.